Idon Ramla Lafiya Lau

Kai ma ka sha wucewa ta bayan tagar ajin nan. In ka biyo ta Ƙofar Marusa da safe ba yadda za a yi ka ƙi jin su: yara cike da ɗaki, murya ɗaya, malami ya faɗa su amsa, ya faɗa su amsa, har kwanon rufi yana rawa. Ka ce, "Masha Allah, ana karatu," ka ƙara wa babur ɗinka wuta. Ba ka taɓa leƙawa ba. Da ka leƙa ranar Talatar nan, ga abin da za ka gani.

Malama Zulaihat, mai koyar da kimiyya, ta faɗo aji biyu na ƙaramar sakandare a makare, saboda keken da ta hawo daga Kambarawa ya mutu a hanya. Ko allo ba ta duba ba. Ta san jiya ta cika ɓangaren 'yan safe da bayanin yadda ruwa ke tashi sama ya zama girgije, ta kuma rubuta a gefe kada 'yan ajin yamma su goge.

"Ramla, taso ki karanta mana abin da ke allo, mu ɗora daga inda muka tsaya."

Ramla ta taso. Siririyar yarinya ce, ita ke zuwa ta ɗaya tun da ta shigo makarantar, yau kuma tana cikin sabon farin hijabi da ko karin guga bai sake ba. Ta ɗauki rula, ta ɗora a layin farko, ta fara. Turancinta yana fita tar, ba gargada: rana tana dumama ruwan kogi da na teku, tururi yana tashi, sanyi yana haɗa shi ya zama girgije. Rular tana tafiya tare da muryar. In layi ya ƙare, ta sauko na ƙasa.

Zulaihat tana sunkuye tana laluben alli a jaka sai ta ji wani yaro can baya ya saki dariya ya haɗiye. Ta ɗago. Blessing, wadda ke zama benci ɗaya da Ramla, ta dafe baki da hannu biyu. Mafi yawan ajin kuwa suna gyaɗa kai, leɓunansu na motsi tare da na Ramla.

Ta juya ga allon. Babu ruwa a kai, babu girgije. Malamin yamma ya goge komai ya cike allon da nasa darasi, na haƙƙin maƙwabci. Rular Ramla tana kan kalmar maƙwabci, bakinta yana cewa ƙanƙara.

Zulaihat ta bar yarinyar ta kai ƙarshe.

"Madalla," ta ce. Ta ba ajin aikin zane, ta ɗauki littafin kimiyya. "Ramla, biyo ni."

A ƙarƙashin bishiyar bedi, nesa da tagogi, ta buɗe littafin can kusa da ƙarshe.

"Karanta mani nan."

"Malama, ba mu zo nan ba."

"Na sani. Layi ɗaya kawai."

Ramla ta sunkuyar da kai.

"To kalma ɗaya. Wannan."

Ramla ta ƙura wa kalmar ido kamar za ta huda takardar. Sai ɗigon hawaye ya faɗo a kan shafin.

"Malama, in kin karanta sau ɗaya zan riƙe. Wallahi sau ɗaya ya ishe ni."

A hankali sauran ya fito. Blessing ce ke karanta mata darasi lokacin hutun tara, ita kuma ta riƙe. Jarrabawa ba ta taɓa ba ta tsoro ba, don takardun ba sa isar kowa, malamai kan tsaya su karanto tambaya da zaɓin amsa, kowa ya kewaye nasa. Rubutun allo kuwa kwafarsa take yi, lanƙwasa bayan lanƙwasa, kamar yadda babanta tela ke kwafar zane a wuyan riga.

"Gasar yau fa?" in ji Zulaihat.

Ita da kanta ta zaɓi Ramla ta wakilci makarantar a gasar kacici-kacicin kimiyya da za a yi bayan Azahar, a wata makaranta kusa da hasumiyar Gobarau. Bana an sauya tsari, an kuma sanar tun makon jiya: kowane ɗalibi zai zari takarda daga kwando, ya karanto tambayarsa da kansa a lasifika, sannan ya amsa.

"Me kika shirya yi in kin zari takardar?"

"Na yi ta roƙon Allah zazzaɓi ya kama ni." Ramla ta share hanci da bayan hannu. "Bai kama ni ba. Baba ya rufe shago yau. Shi ya ɗinka mani hijabin nan. Malama, don Allah kar ki gaya mashi."

Lokacin tara Zulaihat ta sami Malam Joseph, malamin Turanci, shi kaɗai a ɗakin malamai yana cin ƙosai a kan tarin littattafan da bai gama dubawa ba. Mutumin kudancin Kaduna ne, amma ya daɗe a Katsina har harshensa ya koma na 'yan gari.

"Malam Joseph, ka san Ramla ba ta iya karanta ko kalma ɗaya ba?"

Bai firgita ba. Ya tauna, ya haɗiye. "Ta ɗayan? Ita kam ban sani ba. Amma in sunaye kike so, jawo kujera."

"Kana faɗa haka kawai? Kai ne fa malamin Turanci!"

"Ni ne, ƙanwata. Makon nan manhaja ta ce in koya masu waƙa, makon gobe wasiƙar neman aiki. Nuna mani inda aka ce in koya ma yaro harafi. An ce aikin firamare ne. Ki je firamaren ki ga yawansu a ɗaki ɗaya." Ya goge yatsu da takardar ƙosan. "Ke kuma littafin kimiyyarki da mi aka rubuta shi? Da ruwa? Malamin lissafi ya ba su tambaya mai layi uku, su faɗi, ya ce ba su iya lissafi ba. Malamin addini ya ce ba su da natsuwa. In an matsa ma kowa, sai ya nuno ni. Yarinyar nan tana gabanki tun bara. Kin taɓa buɗe mata shafin da ba ki riga kin karanta ba?"

Zulaihat ta juya. Ta fita ta nufi ofishin shugaban makaranta.

Malam Dabo, shugaban makaranta, ya saurare ta har ta gama. Ba mugun mutum ba ne. Ya kusa ritaya, kuma a kan kantar bayansa akwai wani gurbi da ya daɗe yana sharewa, inda kofin gasa zai zauna in Allah ya kawo. Ya tashi ya rufe ƙofa.

"Wa ya sani?"

"Ni da Malam Joseph. Da wasu yara."

Ya jawo aljihun tebur, ya ɗan yi lalube, ya fito da baƙin tabarau irin na masu babur. Ya ajiye a gabanta.

"Afolo," ya ce. "Ciwon idon nan ana yin sa a gari. Za mu ce ya kama ta da safe. Alƙalan gasa su karanto mata tambayar, ta amsa."

"Ranka ya daɗe, ƙarya za mu yi?"

"Ta san amsoshin ko ba ta sani ba?"

"Ta sani."

"To ina ƙaryar? Ilimin yana cikin kanta."

"A tura Blessing. Ita ta iya karantawa."

"Blessing zagayen farko za a fidda ta, kin sani. Mu je mu ɗauko kofi, in mun dawo sai a zauna kan maganarki. A kafa kwamiti."

"Baɗi za ta zauna jarrabawar fita. Can ma tabarau za mu sa mata? In ta yi aure ta haihu, aka ba ta maganin yaro da rubutu a jikin kwalba, wa zai karanto mata a lasifika?"

Malam Dabo ya dube ta ta saman gilashinsa. "Malama, ba ki daɗe da fitowa kwaleji ba, jininki na tafasa, na gane. Amma ki tuna ba a tabbatar da ke a aikin nan ba tukuna, kuma ra'ayina za a nema." Ya leƙa waje ya sa aka kira Ramla.

Da ya yi wa yarinyar bayani, ya ɗora mata tabarau a fuska, abin da ya fi ƙona ran Zulaihat shi ne yadda kafaɗun Ramla suka sauko a karon farko tun safe. Har ta yi ɗan murmushi. Dabarar za ta yi aiki. Za ta ci gasar, a tafa mata, babanta ya yi kuka don murna, gobe a dawo aji a ci gaba da amsawa.

Suna haka aka yi sallama a ƙofa.

Malam Almu ne, mahaifin Ramla, cikin babbar rigar da ya yi wa aiki da hannunsa, tabaraun ɗinkinsa yana rataye a wuya da zare. Aka gaisa, aka tambayi iyali da aiki da gajiya da zafin gari, aka sake tambayar iyali. Yana tsakiyar cewa ya zo da wuri ne don ya raka ɗiyarsa, sai idonsa ya faɗa kanta a bayan ƙofa.

"Subhanallahi! Mi ya samu idonki?"

"Ɗan afolo ne, Malam," in ji Malam Dabo da sauri. "Ba wani abu ba. Za a karanto mata tambayoyin."

"Da sahe lahiya lau ta hito." Malam Almu ya ƙarasa gabanta. "A'a, Malam. Ido ba a wasa da shi. Yayana haka aka ce mashi ba komi, yau sai da ɗan jagora. A bar gasar nan. Taho mu tahi asibitin ido yanzu."

"Ai ba ta kai ga haka ba…"

"Su za su faɗa. Bara da na je, zaunar da ni suka yi, suka nuna mani allon nan mai haruffa, manya bisa, ƙanana ƙasa, suka ce in karanto. Nan take suka gane. Ke da ke ta ɗaya a aji, in idon lahiya yake har na can ƙasan za ki zayyano masu." Ya kama hannunta. "Mu tahi."

Ramla ba ta motsa ba. Ya ja, ta ƙafe. A bayan baƙin gilashin ba a ganin inda take kallo, amma fuskarta tana wajen Zulaihat.

Malam Dabo ya yi gyaran murya, ya zuba wa Zulaihat ido. Ta gane saƙon sarai. Ta tuna yadda ta sha wahala kafin ta sami aikin nan. Ta tuna kuma rular nan a kan kalmar maƙwabci.

"Ramla," ta ce a hankali, "ke za ki faɗa, ko ni?"

Fankar sama tana ta ƙara. Ramla ta zare hannunta daga na babanta, ta cire tabaraun, ta ajiye a kan tebur. Idanunta sun yi ja, amma na kuka ne.

"Baba, idona lafiya lau."

"To mi ke nan? Wasa ake da ni?"

"Malam," in ji Zulaihat, "gaskiyar magana, Ramla ba ta iya karatu ba."

Kamar ta watsa masa ruwan zafi. "Ɗiyata? Ɗiyata ba ta iya karatu ba? Yarinyar da muryarta ke tada unguwa da asuba? Ki je Islamiyyarsu ki tambaya wa ke gaba! Nan ɗin ma ba ku ke rubuto mani ta ɗaya ba kowane zango? Ke wace ce da za ki tozarta ta gaban ubanta?"

Nan Zulaihat ta gane ta ɗauki kalmar da ba ita ba. Karatu a bakinsa ya haɗa komai: tilawa, hadda, zuwa makaranta, zama mutum. Ta ce masa ɗiyarsa ba komai ba ce.

"Ka yi haƙuri, Malam, ban faɗa daidai ba. Bari ka gani da idonka."

A bango akwai kalanda, da rubutun Larabci a sama, fassarar Hausa da boko a ƙasa. Ta ciro ta, ta shimfiɗa a tebur.

"Ramla, kin taɓa haddace wannan na saman?"

"A'a."

"Karanta."

Yatsan Ramla ya tashi daga dama zuwa hagu. Ta karanta, ta ɗan tsaya a wata doguwar kalma, ta haɗa ta, ta wuce. Malam Almu ya gyaɗa kai yana hararar Zulaihat.

"Yanzu na ƙasan. Hausa ce, harshenmu."

Yatsan ya sauko. Ya tsaya. Ya ɗan matsa, ya dawo. Malam Almu ya jira. Ya ɗora tabaraunsa a hanci, ya sunkuya, ya karanta layin da kansa a hankali, irin karatun wanda ya yi yaƙi da jahilci da girma. Sannan ya dubi ɗiyarsa. Ba ta ɗago ba.

"Malam," in ji Zulaihat, "ranar da ka kai ta makarantar allo, da me malamin ya fara mata?"

"Babbaƙu." Muryarsa ta yi ƙasa.

"Sannan?"

"Farfaru."

"Ya taɓa ɗora mata sabon karatu ba ta zo gabansa ita kaɗai ta biya na jiya ba?"

"Wa zai yarda da haka?"

"To mu a nan mun yarda. Ba wanda ya yi mata babbaƙun boko. Mun faɗa, ta riƙe, muka tafa mata. Kowane malami ya ɗauka aikin wani ne. Ƙwaƙwalwarta ce ta rufa mana asiri, ba mu muka koya mata ba."

Malam Almu ya ɗauki baƙin tabaraun daga tebur, ya naɗe shi a nutse, ya miƙa wa shugaban makaranta da hannu biyu.

"Ga kayanka, Malam. Da alama ka daɗe kana sa shi."

Malam Dabo bai karɓa ba, sai Malam Almu ya ajiye masa a gurbin kofin nan na kan kantar bayansa.

Sannan ya juya wajen Ramla. Ya matsa kusa da ita. Ya kai hannu, ta runtse ido. Gefen hijabin ne ya karkace, ya gyara mata shi, ya bi bakin ɗinkin da babban yatsa kamar mai neman zaren da ya tsinke.

"Malama, babbaƙun bokon nan suna da yawa?"

"Ba su fi na Larabci yawa ba."

"To wadda ta iya waɗancan…" Ya haɗiye sauran. "Yaushe za a hwara?"

"Yanzu. Ni ke da darasin ƙarshe."

"Darasin kimiyya ne, Malama," in ji Malam Dabo. "Akwai manhaja."

"Na sani, ranka ya daɗe."

"Za mu yi magana ƙarshen zango."

"Allah ya kai mu."

Blessing aka sa a motar makaranta zuwa Gobarau. Kafin ta shiga ta ruga ta rungume Ramla. Malam Almu bai koma shago ba. Ya jawo wani karyayyen benci ƙarƙashin bedi, daidai tagar aji biyu, ya tattare rigarsa ya zauna.

Zulaihat ta goge allon tas, har ɓangaren 'yan yamma. A tsakiya ta rubuta kalma ɗaya da manyan baƙaƙe. Ajin ya ja numfashi baki ɗaya, ana jira ta faɗa a amsa. Ta ɗaga hannu.

"Yau ba mai amsawa. Ni ma ba zan faɗa ba. Wanda ya san in na kira shi shi kaɗai ba zai iya karanta wannan ba, ya ɗaga hannu. Ba duka, ba dariya."

Ba wanda ya motsa. Kowa yana satar kallon na kusa da shi.

Sai hannu ɗaya ya tashi a layin gaba, cikin farin hijabi. Ajin ya yi tsit. Ramla ce, ta ɗayansu. Wani hannu ya biyo baya a tsakiya, sai biyu a gefen taga, sai layin baya kusan gaba ɗaya. Zulaihat ta fara ƙirgawa, ta fasa.

"Gobe da sahe ni ke da su." Malam Joseph ne a bakin ƙofa, ya jingina da bango. "Ki gaya mani inda kika tsaya, in ɗora. Malamin lissafi ki bar ni da shi, ina bin shi ƙosai."

Zulaihat ta gyaɗa kai. Ta miƙa wa Ramla rula.

"Nan daga hagu ake farawa. Wannan na farkon, ra ce. Na kusa da ita rufu'a ne, sai dai a boko ba a ɗora shi bisa, gefe yake zama. Haɗa su."

"Ru."

"Na ukun wau ne. Na ƙarshen wasali bisa."

"Wa." Ramla ta mai da rular farko. Leɓunanta suka motsa. "Ru… wa." Ta tsaya. Ta dubi allon, ta dubi malamarta, ta sake duban allon. "Ruwa? Malama, ruwa ne kawai?"

"Ruwa ne kawai. Darasinmu na jiya. Abbas, taso, kai ne na biye."

A waje, Malam Almu ya cire tabaraunsa yana gogewa da bakin riga, ya daɗe yana gogewa.

Wani mai babur ya wuce ta bayan tagar a daidai lokacin. Bai ji amon da ya saba ji ba, sai muryar yaro ɗaya tana tuntuɓe a kan harafi. Ya girgiza kai ya ce makarantun yanzu ba a karatu.

Kai ne, ko ba kai ba ne, ba shi ne abin tambaya ba. Kana da ɗiya ko ƙanwa da ke kawo maka sakamako mai kyau. Yau in ta dawo, kada ka ce ta biya maka darasi. Karɓi littafin, na lissafi ko na kimiyya ko na addini, buɗe shafin da ba su kai ba, ɗora yatsanka a kan layi ɗaya, ka yi shiru.